Zuwa ga maginan ƙasar Gumel: kada ku bari a zubar da tsohon gini

Iyayena da yayyena magina na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tare da yaranku masu kwaɓa da masu miƙo tubali.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne yadda ake yi da gida idan ya faɗi. Bayan damina mai ƙarfi, irin ta 2022 da ta rusa gidaje masu ɗimbin yawa a Jigawa, sai a kira mai amalanke ya kwashe ƙasar katangar da ta zube, a watsa a hanya ko a cike kududdufi da ita, maigida kuma ya shiga neman bashin sayen bulo. Asara biyu ke nan. Kududdufin da aka cike shi ne masaukin ruwan unguwa, baɗi ruwan zai nemi gidajen mutane. Ita kuwa ƙasar, kun fi kowa sanin darajarta. Yankinmu rairayi ya fi yawa, ƙasa mai danƙo sai an je nesa an haƙo an biya dako. Wadda ke jikin tsohuwar katanga an riga an tsince ta, an cuɗa ta da ciyawa, an tattake ta. A farfasa, a jiƙa ta kwana biyu, a ƙara mata sabuwar ciyawa, ta koma tubali kamar jiya aka haƙo ta. Bulon siminti in ya fashe ba ya sake zama bulo.

Yanzu masana gine-gine a duniya suna ta taro a kan yadda kayan gini za su riƙa juyawa daga wannan gida zuwa wancan maimakon su ƙare a juji, domin sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Maigida a Gagarawa ba wannan lissafin ne ya dame shi ba. Abin da ya sani shi ne buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kuma a watan Afrilu ɗakin bulo mai rufin kwano ba ya shiguwa da rana, ba ya kwantuwa da dare, alhali soron kakansa yana da sanyi.

To me ya sa mutane ke gudun ginin ƙasa? Saboda sun ga yana faɗuwa, kuma suna da gaskiya. A nan nake roƙonku ku tsaya. Ruwa ta ƙasa da ta sama yake cin katanga. In za ku ɗora gini, ku ɗaga harsashi ya kai gwiwa da abin da ruwa ba ya narkarwa: dutse, ƙonannen bulo, ko ɓaraguzan tsohon bulon siminti da aka haɗa da kwaɓin kirki. Ga inda fasasshen bulo yake da amfani, ga kuma inda ya kamata 'yan buhunan da maigida ya iya saya su tafi. A sama kuma indararo ya yi tsawo, ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. In rufin kwano ne, ya leƙo sosai ya yi wa katanga rumfa. Ku kuma faɗa wa masu gida gaskiya game da shafe katangar ƙasa da fulastar siminti. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti yana kulle shi a ciki. Daga waje bango yana sheƙi, daga ciki yana ruɓewa, wata rana fulastar ta ɓantare da rabin katanga. Iyayenku da makuba suke yaɓe, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, kuma duk bayan 'yan shekaru suna sabuntawa. Wanda ya iya haɗa ta a cikinku, don Allah ya koya wa yaransa tun yana da ƙarfi.

Ba kuma kowane tsohon kaya ake mayarwa ba. Ƙasar gindin bango da gishiri ya cinye har tana gari, da ta kusa da makewayi, gona za a kai su. Azarar da gara ta shiga a bar ta. Rodin da aka ciro daga rusau aka miƙar da guduma zai yi tagar ɗaki ko ƙyaure, amma kada wani ya sa shi a rufin kankaren da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa, ko da maigida ya matsa. Ran mutane ne a hannunku.

Lafiyayyar azara kuwa dukiya ce. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga ta tana ƙaranci, ga hamada tana matsowa. Maƙwabtanmu na Nijar sun fuskanci wannan tun tuni: daga 1980 aka fara koya wa magina a can yin rufin ƙubba da na baka da tubalin ƙasa zalla, ba ko sanda ɗaya. Daga Maigatari tsallaka iyaka ba tafiya ba ce, ya kamata a samu matasanmu da za su je su koyo.

Kada wani ya ce muku ginin ƙasa aikin marasa hali ne. Falke Barmou, magini Bahaushe na ƙauyen Yaama a jihar Tawa, ya fara masallacin garinsu da ƙasa a 1962, a 1986 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin gine-gine na duniya. A Dandaji, nan ma Nijar, da jama'a suka buƙaci sabon masallaci, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ba su rushe tsohon ba. An gyara shi tare da maginan da suka san shi, aka mai da shi ɗakin karatu, sabon kuma aka gina shi da bulon jar ƙasar yankin da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Irin wannan bulo siminti kaɗan ake sa masa, kuma injinsa na hannu ne, ƙungiyar magina za ta iya haɗa kuɗi ta saya.

Ana yawan cewa a wayar da kan jama'a ta rediyo. Ba laifi, amma mai son gini ku yake tambaya, abin da kuka ce shi yake yi. Don haka kafin ku yanka masa kuɗin aiki, ku zaga kangon tare da shi, ku ware ƙasa mai kyau gefe, azara gefe, ƙyaure da taga da kwano gefe, ku nuna masa nawa suka rage masa. Ku sa ladan wannan tsincen a cikin jinga, domin aiki ne, kada ku yi shi kyauta har ku gaji ku daina.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin sana'a ne. 'Yan gwangwan sun sama wa tsohon ƙarfe kasuwa, har ba ka ganin sa a yashe. Ku nemi ƙananan hukumomin nan huɗu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su ba ku fili a kowane gari inda za a tara tsohuwar ƙasa da azara da ƙyamare, mai rusau ya kawo ya sayar, mai gini ya zo ya saya da sauƙi. A fara da Maigatari, inda kasuwar Alhamis take tara jama'a daga ɓangarorin iyaka biyu.