Kwalbar da ake zuba wa tanki: riba ko asara?

Tun da Kamaru ta ɗaga litar fetur daga sefa 730 zuwa 840 a Fabrairun 2024, nake ganin wasu 'yan babur a nan Briqueterie suna zuba ƙaramar kwalba a tanki, wai inji ya yi santsi, mai ya daɗe. Mahaifin wani ɗalibina ya tambaye ni, na ce: Malam, baƙin mai ne ke shafe injin babur ɗinka, ba fetur ba. Injin dizal ne famfonsa ke buƙatar santsin man da yake sha. In ka cika zubawa, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya ƙaru. Gara ka tara kuɗin ka riƙa juye baƙin mai a kan lokaci.