Alfahari, Luwaɗi da Daudanci: Kalmomin da Bai Kamata a Cakuɗa Su Ba

Duk watan Yuni ana jin labarin wani gagarumin biki da masu neman jinsi ɗaya ke yi a manyan biranen duniya. Asalinsa tarzomar da ta ɓarke a mashayar Stonewall ta birnin New York a 1969, bayan 'yan sanda sun kai sumame. Da shekara ta zagayo, ranar 28 ga Yuni 1970, aka yi jerin gwano na farko. A Afirka, Johannesburg ce ta fara a 1990.

A Yawunde ba a yin wannan biki. Sashe na 347-1 na dokar laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 ga wanda ya sadu da ɗan jinsinsa. A Yunin 2023 ma gwamnati ta ƙi amincewa da ziyarar Jean-Marc Berthon, jakadan Faransa mai kula da wannan batu. Duk da haka, labarin bikin na isa majalisun hira na unguwar Birketeri da rumfunan kasuwar Mokolo ta rediyo da wayar hannu, kuma da Hausa yake isa. Don haka ya zama wajibi mai nazarin harshe ya duba kalmomin da ake isar da shi da su.

Sunan bikin da Turanci shi ne Pride, ana kuwa fassara shi da "alfahari". A kunnen Bahaushe alfahari ɗan'uwan taƙama ne da girman kai. Masu bikin kuwa abin da suke nufi shi ne daina ɓuya. Ko mai fassara ya ƙi abin, haƙƙin mai sauraro ne a gaya masa ma'anar yadda take.

Matsala mafi girma tana ga "luwaɗi" da "daudanci". Luwaɗi, wadda ta samo asali daga labarin mutanen Annabi Luɗu, sunan aiki ce, haka ma maɗigo. Ɗan daudu kuwa namiji ne mai kwaikwayon magana da ɗabi'un mata, wanda galibi aka sani da sana'ar sayar da abinci. Littafin Rudolf Gaudio na 2009 a kan 'yan daudun Kano ya nuna cewa da yawansu na da mata da 'ya'ya. Wanda ya mayar da kalmomin biyu abu guda ya yanke hukuncin aiki a kan tafiya da murya kawai.

Illar wannan ta riga ta bayyana. A 2011 wata kotu a Yawunde ta ɗaure wasu samari biyu shekara 5, tana kafa hujja da irin shigarsu da yanayin maganarsu. Sai a Janairun 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su.

Matsayin malamai a kan luwaɗi sananne ne. Amma shari'ar da ta haramta shi ita ce ta haramta ƙazafi da bin diddigin asirin mutane, ta kuma tsaurara sharuɗɗan shaida. Magana zarar bunu ce. Kafin ɗan jarida ko mai wa'azi ya liƙa wa wani suna a unguwa irin Birketeri, inda kowa ya san kowa, ya tambayi kansa ko aikin ya gani, ko kuwa siffa kawai.