Kafin ka ƙure gudun kwamfuta a zafin Gobir

Matasan da ke buɗe shagunan buga takardu a Sabon Birni da Isa sun fara barin tsofaffin Dell da HP na gwanjo suna haɗa kwamfutar tebur da hannunsu, kuma abin ya burge ni. Abin da ke damuna shi ne tambayar farko da suke yi wa mai sayar da madabod: nawa za a iya ƙara wa furosesa gudu a kansa?

Mu ɗauki MSI B450 Tomahawk, wanda ya fito a 2018 kuma har yanzu ake yabonsa. Yana ɗaukar wasu daga cikin furosesan AMD Ryzen, yana da gurbin RAM huɗu na DDR4 da gurbin M.2 guda. Inda ya fi tsaransa shi ne sashen da ke tace wuta kafin ta isa furosesa, domin an ɗora masa ƙarfe mai kauri da ke kwashe zafi. Ryzen 5 2600 da aka ƙera ya kai 3.9 GHz yakan taɓa 4.0 ko 4.1 a kansa. Wannan ɗan ƙarin, mai buga hoton fasfo da takardar neman aiki ba zai taɓa jin sa a hannunsa ba.

Abin da zai ji shi ne zafi. Yawanci gudu ba ya ƙaruwa sosai sai an ƙara ƙarfin wuta, kuma zafin da ke biyo baya ya fi gudun saurin hawa. Yawancin masu gwajin da ake kallo a YouTube suna yi ne a ɗaki mai sanyi a Turai ko Amurka. A Burkusuma da ke yankin nan kuwa, watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ga rufin kwano, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Ryzen na rage gudunsa da kansa idan ya kusa digiri 95, sai a wayi gari wanda ya ƙure injinsa ya fi maƙwabcinsa nawa. Ko Intel sai da ta amince a 2024 cewa yawan wuta na lalata wasu furosesanta na zubi na 13 da 14, ta ƙara musu garantin shekara biyu.

Sai batun lantarki. Shagon da ke rayuwa a kan sola da batir, duk wat ɗin da furosesa ya sha daga aljihun mai shago yake fita. Idan kuma madabod ya ƙone, canjinsa na Sakkwato ko Maraɗi ko Farm Centre ta Kano, a kan hanyoyin da kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa su. Haɗarin ya wuce na kuɗi.

Ina goyon bayan sayen Tomahawk ɗin, amma don juriyarsa. A bar furosesa a gudunsa, wanda ya iya ma ya rage masa wuta kaɗan a BIOS. Kuɗin babbar fankar da ƙure gudu ke buƙata a sayi SSD da sitabilaiza. A kuma sabunta BIOS tun a birni, a ajiye fayil ɗin a filashi, domin mutanen yankin nan ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni.