Rusau Kyauta: Wa Ke Biyan Kuɗin?

Yau maganata a kan wata ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare tsakaninmu, daga Agege zuwa Idi-Araba, har Sabo ta Ibadan. Mutum ya yi shekara ashirin yana tara kuɗi, Allah ya hore masa ya sayi tsohon gida, sai ya zo wajen rushewa ya ce ba zai kashe ko sisi ba. Ya kira 'yan gwangwan, su rushe kyauta, su kwashi rodi da kwano da katako a matsayin lada.

Ni dai na ce wannan ganganci ne. Wanda ladansa rodi ne, rodin yake gani, ba ya ganin katangar maƙwabci. Zai kai guduma gindin ginshiƙi tun dakin yana sama, domin ginin ya zube gaba ɗaya ya huta. Alhali duk birkilan kirki ya san rusau daga sama ake farawa. A cire wuta da ruwa, a sauke kwano da katako, a cire ƙofofi da tagogi, a tokare dakin kafin a fasa shi, ginshiƙi ne na ƙarshe. Ko gareji ne haka ake bi, balle bene. Su wa ke ƙarƙashin dakin ɗin in ya rufto? Yaranmu ne, leburorin da suka baro Kano da Katsina da Maraɗi neman na abinci, ba hular kwano, ba takalmin aiki, sai silifa.

Ga kuma silin da rufin asbesto na tsofaffin gidaje. Ƙurarsa tana lalata huhu, tana kawo ciwon daji, kuma sai bayan shekaru masu yawa cutar ke bayyana. Jiƙa shi ake yi a sauke shi ɗaiɗai ba tare da an farfasa ba. Wa ke da wannan haƙurin a aikin kyauta?

Wani zai ce to a kawo katafila mana. A unguwar da gida ke jingine da gida, lungu ko tifa ba ta shiga, katafila ba dabara ba ce, ga tsohon sokawe da ke iya burmawa da ita. A nemo injiniya ya duba ginin tukuna, shi zai faɗi hanyar da ta dace.

A jihar Legas sai da izinin gwamnati ake rusau, kuma tun bayan benen Ita-Faji da ya rufta kan 'yan makaranta a 2019, ba wanda zai ce bai san abin da tsohon gini ke iya yi ba. In tsautsayi ya faru ba takarda, mai gida za a kama, kuma gobe ka ji ana cewa "aboki" ne suka yi.

Don Allah Alhaji, ka ɗauki ɗan kwangilar da ka ga aikinsa da idonka. Ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu, in so samu ne a fadar Sarkin Hausawa: wa zai kwashe ɓaraguzai, wa zai gyara katangar maƙwabci in ta tsage, wa zai biya asibiti in lebura ya ji ciwo. Kuɗin aiki a biya kashi-kashi, cikon sai tifa ta ƙarshe ta fita. Rodin kuwa ka sayar da shi daban, a kan sikeli, bayan an gama.