Rigimar Manyan Ƙasashe Kan Kwamfuta: Ina Ruwanmu Mata?



A 'yan shekarun nan da wuya a buɗe rediyo a ji labarin duniya ba a ambaci rigimar Amurka da ƙasar Sin a kan kwamfuta ba. Yau a ce Amurka ta hana a sayar wa Sin wani abu, gobe a ce Sin ta rama. Mu kuwa da mai karanta labarai ya kawo nan sai mu miƙe mu duba tukunya, mu bar wa maigida da abokan hirarsa na ƙofar gida. Wannan ya ce ai Amurka ba ta da na biyu, wancan ya ce Sinawa sun riga sun gama da kowa, su yi ta yi kamar masu gardamar ƙwallo, sa'an nan kowa ya kama gabansa. To, ni a ganina maganar nan ta fi shafar mu da 'ya'yanmu mata bisa ga yadda muke zato, kuma zan faɗi dalili.

Abin da ake wannan faɗa a kansa bai wuce girman farcen babban yatsa ba. Wata 'yar ƙwaya ce mai fāɗi wadda ita ce ƙwaƙwalwar na'ura. Ana yin ta da wani sinadari da ake kira silikon, wanda asalinsa daga yashi ake tace shi, sa'an nan a zana mata ƙananan makunnan lantarki miliyan dubu da yawa, waɗanda ido ba ya gani. Tana cikin wayar da ke hannunki, tana cikin katin cirar kuɗi, da na'urar mai POS na bakin kasuwa, da na'urar da ake duba cikin mai juna biyu a asibiti, da mota. A shekarar 2021, lokacin annobar korona, ƙwayar nan ta yi ƙaranci a duniya, har manyan masana'antun mota na Jamus da Amurka da Japan suka tsai da aiki. Ga ƙarfe, ga taya, ga ma'aikata, amma babu ɗan abin da bai kai farce ba, mota ta ƙi fita.

Ina aka fi yin mafi ingancinta? A nan ne abin mamaki yake. Iyayenmu sun san lokacin da in an ce kaya ɗan Taiwan ne, watau jabu ke nan, ba ya ƙarko. Taiwan tsibiri ne da bai kai faɗin Jihar Kaduna ba, mutanensa wajen miliyan 23, ba su da man fetur. A 1987 wani injiniya mai suna Morris Chang ya kafa kamfanin TSMC a can, da taimakon gwamnatinsu. Yau mafi yawan ƙwayoyin da suka fi kowaɗanne inganci a duniya kamfanin nan ke yin su, har kamfanonin Amurka irin su Apple da Nvidia wurinsa suke kai zanensu a buga musu. Ita ma Koriya ta Kudu haka. Kamfanin Samsung da muke riƙe wayoyinsa, a 1938 da aka kafa shi busasshen kifi da taliya da kayan masarufi yake sayarwa. Bai shiga kayan lantarki ba sai 1969. In kin ga mai sayar da banda a kasuwa, kada ki raina shi.

Amurka ce ta ƙago sana'ar, ganin ta kuɓuce mata zuwa Asiya shi ya tayar mata da hankali. Ba yau farau ba, don a shekarun 1980 da Japan ta yi, har sai da suka ƙulla yarjejeniya a 1986. Amma na Sin ya fi zafi. A 2019 Amurka ta sa wa kamfanin Huawei takunkumi. A watan Agusta na 2022 ta yi doka ta ware dala wajen miliyan dubu 52 don a dawo da yin ƙwayar cikin ƙasarta, a watan Oktoba na wannan shekara kuma ta hana a sayar wa Sin ƙwayoyi mafi ƙarfi da injinan yin su. Injin da ke zana mafi ƙanƙantar makunnan, kamfani ɗaya ne tak a duniya ke ƙera shi, watau ASML na ƙasar Holan, shi ma aka hana shi kai wa Sin. Sin ta rama a 2023, ta taƙaita fitar da wasu ma'adinai biyu, galiyam da jamaniyam, waɗanda ita ce ta fi kowa haƙo su. Sa'an nan a watan Janairu na 2025 wani kamfaninta mai suna DeepSeek ya fito da manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda ta kusa kamo na Amurka da kuɗi kaɗan, abin da ya sa darajar kamfanin Nvidia ta faɗi da kusan dala miliyan dubu 600 a rana guda. Ko waye zai ci, wannan na bar wa masu hirar ƙofar gida.

Abin da ya dame ni shi ne, mu mun taɓa shiga irin wannan gasa, an kuma kā da mu, kuma a jikinmu mata aka ga alamar. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, wasu suka biyo baya a nan Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau. Audugarmu ce, 'ya'yanmu ke saƙawa, mu ke ɗaurawa. Dubban magidanta da albashin masaƙa suka yi aure, suka sa yara makaranta, mata masu tuwo da ƙosai na bakin ƙofar masaƙa su ma suka samu. Rashin wuta, da tsofaffin injina, da fasa-ƙwauri, da arahar kayan waje suka taru suka durƙusar da su, ita ta Kakurin ta rufe a 2002. Yau ki shiga Kantin Kwari a Kano ki duba atamfar da ake haɗa lefe da ita. Zanen furen namu ne, launin irin wanda muke so ne, amma mafi yawanta daga Sin aka bugo ta, da kwamfuta aka kwafi zanen cikin ɗan lokaci. Haka wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika gidajenmu, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, na birnin Shenzhen. Sun zauna sun nazarce mu sarai: suka ga muna son layi biyu, suka ga ba mu da wuta suka ƙara ƙarfin batir, har kyamara suka gyara don ta fito da baƙar fata da kyau. Ban ga laifinsu ba, wayo suka yi. Amma mu saye kawai muke yi, ribar tana can.

To, ina mata suka shigo? Wannan shi ne ɓangaren da ba a faɗa a rediyo. Ita kanta kwamfuta da saƙa ta yi dangantaka tun asali. A 1804 wani Bafaranshe, Jacquard, ya ƙera injin saƙa mai bin kati mai huda-huda, katin ne ke gaya wa injin zaren da zai ɗaga. Daga nan Charles Babbage na Ingila ya ɗauki dabarar don injin lissafinsa, kuma mace ce, Ada Lovelace, ta rubuta a 1843 yadda za a tsara wa injin aiki mataki-mataki. Babbar kwamfutar nan ENIAC da aka nuna a Amurka a 1946, mata shida ne suka tsara mata aikin lissafi. Kwamfutar kumbon Apollo da ya kai mutum duniyar wata a 1969, mata ne suka saƙa ma'ajiyarta da hannu, suna zura siririyar waya cikin ƙananan zobba kamar mai ɗinkin hula. Duk wadda ta iya ƙirga ido a saƙar rigar jariri, ta san biyu a gaba ɗaya a baya, ta riga ta san abin da ake nufi da bin tsari daki-daki. Saboda haka in wani ya ce miki wannan aikin maza ne, ki tambaye shi tun yaushe.

A Asiya ma haka abin ya faro. Da Taiwan ta buɗe unguwar masana'antu a birnin Kaohsiung a 1966, 'yan mata ne suka cika ta, suna harhaɗa kayan lantarki. A 1968 gwamnatinsu ta mai da karatun shekara tara ya zama na kowane yaro, mace da namiji. Ku lura da tazarar: shekara 19 tsakanin wannan doka da kafa TSMC, watau daidai lokacin da yarinyar da aka sa aji ɗaya za ta girma ta gama jami'a ta kama aiki. Ba dare ɗaya Allah ya yi Bature ba, balle injiniya.

Ba ina cewa 'yan matan nan daɗi suka sha ba. Albashi kaɗan, tsayuwa ko zama na sa'o'i masu yawa, ido a kan madubin ƙara girma har ya raunana, ga sinadarai masu guba. A 2018 sai da Samsung ya fito fili ya nemi gafara, ya yarda zai biya diyya ga ma'aikatan da suka kamu da sankarar jini da wasu cututtuka a masana'antunsa, bayan iyayen waɗanda suka rasu sun shekara fiye da goma suna neman hakki. Ba irin wannan nake yi wa 'ya'yanmu fata ba. Abin lura shi ne, uwar da ta zauna a benci tana liƙa waya, 'yarta ce ta zama mai zana ƙwayar, domin an bar ta ta gama makaranta kuma ba a ce mata lissafi ya fi ƙarfinta ba.

Mu dawo gida. Ni malamar makaranta ce, abin da nake gani kullum shi zan faɗa. Yarinya tana da kai, tana cinye maza a lissafi a aji huɗu da aji biyar. Tana shiga sakandare sai a fara: ranar kasuwa a ɗora mata talla, ranar suna a riƙe ta aikin gida, in ta ce za ta ɗauki kimiyya a ce wahala ce, ta ɗauki mai sauƙi tunda aure za ta yi. Wayar gidan kuwa a hannun yayanta namiji take. Na kuma san makarantar da aka kawo wa kwamfutoci, aka yi biki aka ɗauki hoto, aka rufe su da leda aka sa kwaɗo a ɗakin, wai kada yara su ɓata. Darasin kwamfuta a allo ake yin sa da alli, a zana akwati a ce wannan ita ce kwamfuta, yara su haddace sunayen sassanta su rubuta a jarrabawa su ci. Wannan da koyon tuwo a littafi duk ɗaya ne.

Ga inda abin ke yi mana ciwo nan take. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB da kwamfuta kaɗai ake yin ta, ba takarda ba fensir. Yarinyar da ta yi shekara shida tana karatu, ta san amsa, sai ta je ɗakin jarrabawa ranar ce farkon zamanta gaban na'urar. Hannu na rawa, lokaci na tafiya a kusurwar allo, tana tsoron taɓa wani abu ya lalace. Ta fito da maki kaɗan, a gida a ce ai dama ba ta da ƙoƙari, a fara maganar miji. Alhali kuwa abin ba wuya gare shi ba. Haruffan A, B, C da D su ne na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Yarinyar da ta zauna ta gwada sau biyar ko shida kafin ranar, tsoron ya fita.

Wata za ta ce ai 'yata ta iya waya, har ta fi ni. Kada mu ruɗi kanmu. Iya latsa waya a kalli bidiyo a tura hoton anko ba shi ne sanin kwamfuta ba, kamar yadda iya shiga mota ba shi ne iya tuƙi ba. Kamfanonin da gangan suka yi wayar yadda ko ɗan shekara uku zai iya, don a saya. Abin tambaya shi ne: za ta iya buga wasiƙa da yatsu goma? Za ta iya jera lissafin adashinki ko na cinikin ƙulinki a jadawali, na'urar ta tara mata? Ta san yadda ake rubuta wa na'urar umarni ko da layi biyar ne? Waɗannan su ne ake biyan albashi a kansu, kuma da yawansu mace na iya yin su daga cikin ɗakinta, abin da ya kamata magidanta masu kulle su duba da kyau.

Na san wata kuma za ta ce, Malama, mu da ko wuta ba mu da ita, ina mu ina ƙera ƙwayar kwamfuta? Gaskiya ne, masana'anta guda ta irin wannan tana cin dala miliyan dubu goma ko fiye, tana son wutar da ba ta ƙiftawa da ruwa mai tsabta ƙwarai. Wannan aikin gwamnati ne, kuma ba na sa ran ganinsa nan kusa. Amma gyaran waya da ake yi a kasuwar Farm Centre ta Kano, da sa farantin hasken rana, da rubuta manhaja, da aikin na'urorin asibiti, duk ba su jira wannan ba. Mace nawa kika taɓa gani tana gyaran waya? Alhali mata da yawa ba sa son miƙa wayarsu ga namiji baƙo saboda hotunan da ke ciki. Ga kasuwa a buɗe ba mai shiga.

Saboda haka, uwargida, in an kira taron iyaye da malamai na wannan zango, kada ki bar wa maigida shi kaɗai, ko in ba za ki samu zuwa ba ki ba shi saƙo. A tambayi shugaban makaranta ko akwai ɗakin kwamfuta, wa ke riƙe da mabuɗin, sau nawa 'yan mata ke shiga a mako, kuma in matsalar wuta ce, nawa ne kuɗin farantin hasken rana in iyaye suka yi karo-karo. In 'yarki tana ajin ƙarshe na sakandare, ki cire kuɗin ankon biki ɗaya ki biya mata na koyo a shagon kwamfuta na unguwa, ƙanenta ya raka ta, tun kafin a fara rajistar jarrabawa. Ku kuma 'yan makaranta, in an shiga ɗakin kwamfuta ana zama uku-uku a na'ura ɗaya, kada ki zama mai leƙe ta kafaɗar wani. Ki ja kujera ki ce yau ke za ki buga.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.