Nijar: Wahalar Malaman Jami'a Mata Da Ba A Sa Ta A Lissafi

Kafin shekarar 2010, ɗan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da ke neman digiri galibi sai ya nufi Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. A wannan shekara ce aka kafa jami'o'i a biranen uku, a 2014 kuma aka ƙara da na Agadas, Difa, Doso da Tillaberi. Ta haka 'ya'yan manoma da na 'yan kasuwar Ƙonni, Ɗan Isa da Magariya, waɗanda iyayensu ba su yi boko ba, suka sami shiga.

To amma irin wannan ɗalibi ba darasi kaɗai yake buƙata ba. Idan alawus ya makara, ko guzuri ya yanke daga gida, kamar yadda 'ya'yan 'yan kasuwa suka gani lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga 2023 zuwa Maris 2024, dole ya nemi inda zai kai kuka. Sau da yawa ofishin malama yake nufa, domin ana ɗaukarta uwa. Ita ce mai lallashin yarinyar da ake son cirewa daga karatu a yi mata aure, ita ce mai sauraren wadda wani ya matsa wa lamba.

Matsalar ita ce, ƙarin girman malami yana bi ta hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, kuma abin da aka fi dubawa shi ne binciken da ya wallafa. Awoyin lallashi ba su da gurbi a takarda. Malama ta baro ofis ta tarar da hidimar gida, abokin aikinta kuwa yana can yana rubutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malaman ma suna da hawa-hawa. Na wucin gadi, da ake biya gwargwadon awoyin koyarwa, ba shi da bakin cewa ya gaji, sai haƙuri da fara'a ko da kuɗinsa sun makara.

Duk ɗan kasuwa ya san yaron shagon da ya iya tarairayar mai saye shi ke riƙe ciniki. Ya kamata ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS, idan ta zauna da gwamnati kan albashi, ta nemi a buɗe ofisoshin ba ɗalibai shawara, a kuma sa wannan ɗawainiya cikin ma'aunin aiki. In ba haka ba, ranar da malaman nan suka gaji, ɗan talaka ne zai fara komawa gida.