Zuwan farko birnin Paris: sabbin ƙa'idojin da ke jiran matafiyi

Tun daga 12 ga Oktoba, 2025, Tarayyar Turai ta fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a kan iyakokinta. Na'ura ce yanzu ke lissafin kwana 90 da aka yarda baƙo ya yi cikin kwana 180, kuma wanda ya zarce na iya rasa biza nan gaba.

Ga ɗan kasuwar hatsi daga Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, cikas na farko yana gida. Ciniki a yankin galibi da tsabar kuɗi ake yi, alhali ofishin jakadanci shaidar banki ta watanni yake dubawa. Mai niyyar tafiya ya riƙa shigar da cinikinsa asusu tun da wuri. Ma'aikacin gwamnati kuma ya riƙe takardar izinin ofishinsa. Kuɗin biza Yuro 90 ne, sai inshorar lafiya da za ta iya biyan Yuro 30,000. Wannan bizar ba ta shiga Ingila.

In an sauka filin jirgin Charles de Gaulle, jirgin ƙasa na RER B yana kaiwa tsakiyar gari. A guji masu tare baƙo da tayin tasi. Duk mai ɗauke da Yuro 10,000 ko fiye sai ya bayyana wa kwastan. Mata su sani Faransa ta haramta niƙabi a bainar jama'a tun 2011. Masu neman Juma'a kuwa, Babban Masallacin Paris yana nan tun 1926.